Ranar da Hindatu Ta Kai Muhibba Ganin Abuja

Tun da azumi Hindatu ta yi wa Muhibba alkawarin cewa idan ta zo ta ɗaya a aji za ta kai ta ta ga Abuja. A lokacin faɗa kawai ta yi, irin maganar da babba ke jefa wa yaro yana shirin hawa babur. Sai ga shi a ƙarshen zango yarinyar ta zo ta ɗayan, ta kuma karɓi wayar babanta ta kira da kanta.

"Goggo, na zo ta ɗaya. Yaushe za mu tafi?"

Muhibba 'yar Yamusa ce, wan Hindatu uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta goma sha ɗaya. Rugarsu tana bayan Paikon Kore, ta wajen Gwagwalada, inda Yamusa ke kiwon shanun da mahaifinsu ya bari. A can aka haifi Hindatu ita ma, a can ta yi tallan nono tana ƙarama, kafin wata malama a makarantar 'ya'yan makiyaya ta nace sai an bar ta ta ci gaba da karatu. Yamusa ne ya tsaya mata har ta gama jami'a. Yanzu tana aiki a wata ma'aikatar tarayya a cikin gari, tana zaune a ɗaki da falo a Karu. Mijinta soja ne, sai ya yi watanni bai leƙo gida ba, kuma Allah bai ba su haihuwa ba tukuna. Akwai wata magana da ta daɗe tana juyawa a ranta ba ta faɗa wa kowa ba: tana so idan Muhibba za ta shiga sakandare ta dawo wurinta da zama.

Kiran ya same ta wata ya yi nisa. Tun da mai ya yi tsada, kuɗin mota daga Karu zuwa ofis ke cinye rabin abin da take ɗauka. Wuraren da abokan aikinta ke kai yaransu, masu lilon lantarki da gidajen sinima, ko hanyarsu ba ta isa ta bi ba. Amma da ta zauna ta yi tunani sai ta ga ashe garin yana da abin kallon da ba sai an zazzage jaka ba. A shekarar ana hawa jirgin ƙasan cikin gari kyauta, har filin jirgin sama yake kaiwa. Babban masallaci ba a hana kowa shiga. Ga Millennium Park, inda mutum zai shimfiɗa zane a kan ciyawa ya ci abin da ya zo da shi daga gida. Abin da zai ci kuɗi, mota ce da askirim ɗaya. Ta nemi hutun kwana ɗaya a ofis, ta kira Yamusa ta ce ya kawo ta.

Ya kawo ta ranar da ya biyo motar shanu zuwa mahautar Karu. Muhibba ta shigo gidan da atamfarta ta sallah, an rangaɗa mata sabon kitso an jera duwatsu a jelar, ido ya sha tozali, ƙafa da takalmin roba. A kanta akwai ƙaramin bokiti da aka ɗaure bakinsa da tsumma.

"Inna ta ce a kawo miki nono. Furar kuma ni na daka, ba wanda ya taya ni."

Hindatu ta rungume ta. Ta ɗan tsaya tana kallon atamfar, wadda telan ƙauye ya ɗinka da girma don ta kai baɗi, ta yi tunanin ko tana da wani abu a akwati da zai yi wa yarinyar daidai. Babu. Ta bar zancen.

Washegari suka fita da sassafe, Hindatu da jakar abinci, Muhibba rungume da fulas ɗin furar da ta dama da hannunta. Watan Agusta ne, an yi ruwa kafin asuba, gari ya yi sanyi. A cikin tasi Muhibba ta samu gefen taga, tun daga nan kuwa bakinta bai huta ba. Tana karanta duk allon da suka wuce, tana tambayar wa ke share wannan titi mai faɗi haka, mutum nawa ke kwana a wancan bene. Da Hindatu ta nuna mata Dutsen Aso sai ta ƙura masa ido, can ta ce, "Ashe dutse ne kawai. Ni na ɗauka an yi masa fenti."

Direba ya tuntsire da dariya, har da dukan sitiyari. Hindatu ma ta dara.

A tashar jirgi yarinyar ta ɗan tsorata. Ta riƙe gefen mayafin goggonta, ta yi bisimilla kafin ta ɗaga ƙafa ta shiga, ta zauna a bakin kujera kamar wadda za a ce ta tashi. Sanyin cikin jirgin ya sa ta naɗe hannuwa. Amma da ya fara tafiya, gine-gine suka ja baya, aka fita fili mai kore shar, sai ta manne goshinta da gilashi. Bayan sun wuce tashar Idu suka hango garke yana kiwo a gefen hanya, wani saurayi da sanda a kafaɗa yana tsaye yana kallon jirgin.

"Goggo! Goggo, kalli! Farare irin na Baba!"

Da Fillanci ta faɗa, da ƙarfi kuma, har mutanen da ke kusa suka waiwayo. Hindatu ta amsa mata da Fillancin, abin da ta daɗe ba ta yi a cikin jama'a ba. Suka yi ta musu a kan wata saniya, ko tana da ciki ko ƙoshi ne kawai, har garken ya ɓace.

A filin jirgin sama ba su shiga ciki ba. Sun sami wani wuri a waje inda ake hango jirage suna tashi, suka tsaya. Da na farko ya ɗaga, Muhibba ta toshe kunne amma ba ta rufe ido ba.

"Ya naɗe ƙafafunsa! Goggo, kin gani? Kamar belbela!"

Sai da Hindatu ta ja hannunta sannan suka koma tasha, don kada jirgin komawa ya bar su.

Azahar ta same su a babban masallaci. Muhibba ta tambaya ko ƙubbar zinariya ce ta gaske, Hindatu ta ce ita ma ba ta sani ba. Bayan an sallame yarinyar ta daɗe hannu a sama. Da suka fito tana neman takalminta ta ce, "Na roƙa miki jariri. Na ce Allah ya ba ki mace, don in riƙa yi mata kitso."

Hindatu ta dafa kan yarinyar.

Sun isa Millennium Park yunwa ta fara cin su. Suka zaɓi gindin wata bishiya nesa da hayaniya, Hindatu ta shimfiɗa zane, ta buɗe kular dafa-duka da soyayyen kifi. Muhibba ta cire takalmi ta taka ciyawar, ta je can ta dawo, ta durƙusa ta shafa ta da hannu.

"Duk wannan ciyawa, babu mai ci?"

"Babu. Yanke ta ake yi da inji a zubar."

"A zubar?" Ta girgiza kai irin na manya. "Kada ki faɗa wa Baba, ransa zai ɓaci."

Suka ci suka ƙoshi. Hindatu ta miƙe ƙafa, tana jin wani irin daɗi da ta manta da shi. Ta yanke a ranta cewa yanzu za ta yi wa yarinyar zancen makaranta, da zarar sun sha fura. Muhibba ta fito da kofuna tana zubawa. A daidai nan aka kira sunan Hindatu daga baya.

Hajiya Ameera ce, mataimakiyar darakta a sashensu, wadda duk takardar Hindatu sai ta bi ta teburinta. Tana cikin hutun shekara, ta fito da yaranta biyu: Khaula, sa'ar Muhibba, sanye da wando da takalmin gudu, da ƙaramin, Fatihu, wanda ke saɓe a kafaɗarta yana ta rigima. Ba muguwar mace ba ce. Tana da kyauta, tana da fara'a, sai dai bakinta ba ya da linzami. A ofis duk ranar da aka wayi gari da labarin satar mutane a hanya, ita ke buɗe zancen Fulanin daji, ta ce su ne suka ɓata wa irinsu Fulanin gida suna. Hindatu kan sunkuyar da kai a kan aikinta har a gama. Abin da aka sani game da ita a ofis shi ne 'yar Gwagwalada ce, gidansu ana harkar shanu. Ba ta taɓa yin ƙarya ba, ba ta kuma taɓa ƙara bayani ba.

Ta miƙe da sauri tana gyara mayafi. "Ranki ya daɗe, ina wuni? Ya hutu?"

"Wane hutu, Hindatu? Yaron nan ya hana ni sakat. 'Yar aikina ta gudu tun farkon wata, ni kaɗai nake fama." Idonta ya sauka a kan Muhibba, wadda ke durƙushe ba takalmi, da fulas a hannu. Ta dube ta tun daga kitson har ƙafa. "A'a, ke kin samu ashe! Ina kika samo ta? Irin waɗannan sun fi riƙon amana idan aka same su da ƙuruciya."

Kalma biyu kawai ake bukata: 'yar wana. Suna nan a bakin Hindatu, ta ji su. Amma ta ga idon Hajiya Ameera, ta hango ofis ranar da za ta koma, da tambayoyin da za su biyo baya: wan naki a ina yake, me yake yi, ashe ku a ruga kuke?

"E," in ji ta. "Daga ƙauye aka kawo min ita."

Muhibba ta gama cika kofin da ta fara. Ta rufe fulas ɗin, ta ajiye shi a hankali. Sannan ta jawo takalminta ta saka.

Hajiya Ameera ta zauna a kan zanen ba tare da an ce ta zauna ba, ta sauke ajiyar zuciya. "Ke, zo ki karɓe shi in ɗan huta. Kin iya riƙon yaro ko?"

Yarinyar ta dubi goggonta. Hindatu ta tsinci kanta tana lalubar wani abu a cikin jaka, ita kanta ba ta san me take nema ba. Da ta ɗago, Muhibba ta riga ta ɗora Fatihu a ƙugu, tana jijjiga shi yadda take yi wa ƙannenta, shi kuwa ya yi tsit yana wasa da duwatsun kitsonta.

"Kin gani ko? Wallahi kin yi dace," in ji Hajiya Ameera. Ta ɗauki kofin furar ta kurɓa, ta lumshe ido. "Kai! Rabona da irin wannan tun ina gida. Ita ta dama?"

"Ita ce."

"Idan tana da ya ko ƙanwa, don Allah ki sa a kawo min."

Khaula ta ruga wajen da ruwa ke tsiri sama, inda yara ke guje-guje suna ihu. Nan ne Hindatu ta yi niyyar kai Muhibba bayan sun sha fura. Yanzu tana hango ta daga nesa tana bin Fatihu a sunkuye, tana tare shi kada ya faɗa ruwa, tana kakkaɓe masa gwiwa. Wani lokaci takan tsaya ta kalli yaran da ke wasa, sai yaron ya sake zillewa ta bi shi. Hajiya Ameera tana ta zuba labarin ofis, wa za a ɗaga, wa za a mayar jiha. Hindatu tana cewa "haka ne" da "Allah ya kyauta". Sau da yawa ta shirya za ta katse ta ta gyara maganar, amma duk minti ɗaya da ya wuce sai gyaran ya ƙara nauyi. Da farko kuskure ne za ta gyara. Yanzu sai ta ce ta yi ƙarya, kuma ta zauna tana kallo aka mayar da 'yar wanta mai raino.

Mai askirim ya zo wucewa da kekensa, Hajiya Ameera ta tsayar da shi. Ta saya wa yaranta, ta saya wa Hindatu duk da ta ce a bar shi. Fatihu ya lasa nasa ya ture, ya fara narkewa yana bin hannunsa.

"Ke, shanye wannan kada ya lalace," in ji uwar, ta miƙa wa Muhibba.

Muhibba ta karɓa da hannu biyu. Ba ta sha ba, ta riƙe shi a gefe yana ɗiga a kan ciyawa. Na Hindatu ma a hannunta ya narke.

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Hajiya Ameera ta miƙe ta karɓi ɗanta, ta buɗe jaka ta zaro sabuwar takardar kuɗi ta danƙa wa yarinyar.

"Ungo, ki sayi ɗan kunne. Kuma ki gode wa Madam ɗinki da ta fito da ke yawo, ba kowa ke yi ba. Kin ji?"

Muhibba ta rusuna. Ta juya ta fuskanci Hindatu, idonta a ƙasa.

"Na gode, Madam."

Bayan sun tafi wurin ya yi shiru, sai iska da ke kaɗa ganye. Muhibba ta tattara kofuna, ta naɗe zanen, ta saka komai a jaka. Kuɗin ta ɗora a kan murfin kula ta ja zif.

"Zo mu je wajen ruwan nan kafin a fara ruwan sama," in ji Hindatu. "Ai ba ki yi wasa ba."

"Na gani daga nan."

"To zo in saya miki askirim naki, sabo. Wanne kike so?"

"Na ƙoshi."

Ruwa ya kama su kafin su sami mota. A hanyar komawa cunkoso ya tsayar da su tun daga gadar AYA. Muhibba tana gefen taga kamar da safe, amma ba ta karanta allo ko ɗaya ba. Ta rungume fulas ɗin tana kallon ruwa yana gangarowa a gilashi. Hindatu ta so ta yi magana, sai dai su huɗu ne a matse a baya, wani mutum yana ta faɗa a waya a kunnenta. Ta ce a ranta sai sun isa gida.

Da suka isa, kafin Hindatu ta fito daga wanka yarinyar ta wanke kula da kofuna, ta ɗauki tsintsiya tana share falo.

"Ajiye tsintsiyar nan. Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Zo ki zauna." Yarinyar ta zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba. Hindatu ta sauko kusa da ita. "Muhibba, abin da na faɗa wa matar nan ɗazu..."

"Ba zan faɗa wa Baba ba."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar mai kwantar wa mutum hankali. Duk abin da Hindatu ta tsara a mota ya watse. Aka kira magariba, yarinyar ta tashi ta yi alwala.

Da an shirya za ta yi mako guda. Da safe ta ce tana so ta koma, wai Inna ba ta da mai taya ta kula da maruƙa. Hindatu ta lallashe ta, ta ce akwai tafkin Jabi da ba su je ba, akwai wani kanti mai matakalar da ke tafiya da mutum da kanta. Muhibba ta ce wata rana. Ranar Asabar Hindatu ta kai ta Gwagwalada, Yamusa ya zo tasha da babur ya tarye su.

"Yaya, 'yar birni? Me kika gani?"

Nan take bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin jirgin ƙasa mai sanyi kamar randa, da jirgin sama mai naɗe ƙafa, da masallacin da garkensu duka zai shiga ya bar wuri. Har ciyawar da ake zubarwa ta faɗa masa, ya kuwa riƙe baki. Ba ta tsallake komai ba sai abu ɗaya. Yamusa ya juyo yana murmushi.

"Allah ya saka miki, Hindatu. Kin fitar da ni kunya, ni ban taɓa kai ta ko'ina ba."

Hindatu ta ga idan ba ta yi zancen makarantar yanzu ba, ba za ta sake samun fuska ba. "Hamma, da ma ina so in roƙe ka. Idan za ta shiga sakandare, ka ba ni ita ta zauna a wurina. Akwai makaranta mai kyau kusa da mu."

Fuskar Yamusa ta washe. "Ai taki ce. Ke Muhibba, kin ji abin arziki?"

Yarinyar tana wasa da madubin babur. "Ni na fi son ta nan kusa da gida, Baba. In riƙa zuwa ina dawowa."

"Ke da kika hana mu barci da zancen Abuja?"

"Na gan ta ai."

Yamusa ya dubi ƙanwarsa ya ɗaga kafaɗa, alamar halin yara sai su. Ya ce a bar ta ta huce gajiya, za ta canja magana. Ba ta canja ba.

Da Hajiya Ameera ta dawo daga hutu, Hindatu ta kwana biyu tana zagaye ƙofar ofishinta. A rana ta uku ta ƙwanƙwasa ta shiga.

"Ranki ya daɗe, akwai maganar da nake so in gyara. Yarinyar nan da kika gan mu tare, ba 'yar aiki ba ce. 'Yar wana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A ruga suke, bayan Paikon Kore. Ni ma a can aka haife ni."

Hajiya Ameera ba ta ɗauke ido daga kwamfuta ba. "Wace yarinya?"

"Wadda ta riƙe miki Fatihu."

"Au, mai furar nan? Allah sarki! To ai sai ki faɗa, na sa ta raino." Ta yi 'yar dariya. "Ashe kuna da nono mai kyau a gida kike barin mu muna sayen na leda. Ki ce a riƙa aiko mana. Ungo wannan fayil ɗin, ki kai wa darakta kafin ya fita."

Shi ke nan. Hindatu ta karɓi fayil ta fita. A kan matakala ta tsaya, ta jingina da bango, mutane suna hawa suna sauka suna gaishe ta. Abin da ta ji tsoro shekara da shekaru, abin da ta ba da 'yar wanta a kansa, ko ɗago kai bai sa an yi ba.

Sai da ruwa ya ɗauke aka fara yankan shinkafa sannan ta je ruga. Ta kai wa Muhibba jakar makaranta da takalmi da littattafai. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya, ta kai kayan ɗaki. Da yamma za ta je ɗebo ruwa a famfon da ke bakin hanya, Hindatu ta ɗauki jarka ɗaya ta bi ta. A hanya, inda ba kowa sai su, ta faɗi abin da ta kasa faɗa a Karu. Ta ce ta yi ƙarya, tsoro ne da rashin hankali irin na manya, ta kuma je ta faɗa wa matar gaskiya. Ta roƙe ta ta yafe mata.

"Na yafe, Goggo," in ji Muhibba da sauri, kamar mai amsa gaisuwa.

Suka ci gaba da tafiya. Sai da suka kusa famfon ta sake magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"Na yi ta tunani ban gano ba. Me na yi ranar? Ko cire takalmin da na yi ne?"

"Ba ki yi komai ba. Wallahi ba ki yi komai ba. Laifina ne ni kaɗai."

Muhibba ta gyaɗa kai, amma Hindatu ta ga ba ta yarda ba. Akwai mata a bakin famfo, suka taso da murna suna yi wa 'yar birni sannu da zuwa, zancen ya tsaya a nan.

Washegari da za ta tafi, Rakiya, mahaifiyar Muhibba, ta rako ta har inda mai babur ke jira, tana ɗauke da galan ɗin man shanu da ta ƙulla mata. Muhibba ta riga ta wuce makaranta tun da safe.

"Ni kuwa ban yi miki godiya yadda ya kamata ba," in ji Rakiya. "Yarinyar nan tun da ta dawo daga wurinki ta yi hankali. Da can surutu kamar rediyo, kowa ta gani sai ta yi masa tambaya, har kunya take ba ni a gaban baƙi. Yanzu kuwa idan baƙo ya zo sai ta gaishe shi ta koma gefe, ba ka jin bakinta. Kwana biyu kacal, kin gyara min ita. Allah ya ba ki naki."

Hindatu ta karɓi galan ɗin ta ɗora a cinya. Ta buɗe baki, ta ga fuskar Rakiya cike da murna, ta rufe.

"Amin," ta ce.

Mai babur ya tayar, suka bi ta tsakanin gonakin shinkafa zuwa bakin titi.